Gadon Mai Rai

Ranar da muka zo ɗaukar gadon Kaka, tana kansa. Ta miƙe ƙafafu tana shafa wa gwiwoyinta man zafi, rediyonta na surutu a gefen matashi. Baffana ne ya fara shiga, ƙanin mahaifina, wanda kowa a unguwa ke kira Hedimasta, har matarsa. Ni ina bayansa da igiya a kafaɗa, baro kuma yana jiranmu a ƙofar gida.

"Inna, barka da hutawa," in ji shi, ya durƙusa har ƙasa. Duk ranar da ka ga Baffa ya durƙusa har ƙasa, to wani abu zai bar ɗakin.

"Me ka zo ɗauka?" in ji Kaka.

"Haba Inna, ɗauka kuma? Aro dai. Kwana biyu rak."

Ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware ta. Ya ce masu duba makarantu za su zo ranar Litinin, su auna makarantarsa da tambayoyi arba'in. In ta ci maki hamsin, ya tsira. In ta gaza, za a tura shi wata makarantar da ke can inda motar haya take juyowa, ka ƙarasa sauran da ƙafa. Ya ɗora yatsa a layi na goma sha bakwai ya karanta mata: ko makarantar tana da ɗakin jinya mai gado?

"Ɗakin akwai," in ji shi, "mun kwashe karyayyun bencina daga sito, mun share. Gadon ne babu. Maki uku ne cur, Inna."

"Kai ba ka da gado?"

"Namu ba ya fita ta ƙofa. A ciki kafinta ya haɗa shi."

Daga tsakar gida matarsa, wadda nake kira Anti, ta ɗaga murya a kan ƙarar keken ɗinkinta: "Kuma mai madubi ne. Wa ya taɓa ganin gadon asibiti da madubi?"

Gaskiya ne, gadon Kaka kamar don asibiti aka yi shi. Na ƙarfe ne, fari, dogo, mai sanduna a kai da ƙafa. Tsawon nan nasa shi ne duk sirrinsa. Gwiwoyin Kaka sun daɗe da yin ritaya, amma in tana kan gadon sai ta zuro ƙafafu ƙasa, ta kama sandar kai, sai ga ta a tsaye ba ta roƙi kowa ba. Duk mun san haka, har da ni. Amma tsohon maigadin makarantar ya tafi, ƙyauren makarantar ma ya bi shi, Baffa kuma ya yi min alkawarin kujerarsa in aka ci jarrabawar nan. Na yi wankin mota, na sayar da cajar waya, na yi kwandasta na kwana tara. Aikin da za a biya ni don in zauna wuri ɗaya, ina so in ga ko zan iya.

"Kai ma da kai, Sha-yawo?" in ji Kaka, ta dube ni ta dubi igiyar.

"Kwana biyu ne, Kaka. Ni da kaina zan dawo da shi."

Muka ɗaga ta, ni da Baffa, muka ajiye a kan tabarma kamar buhu. Baffa ya gyara mata matashi da ladabi, ya ce likitoci ma sun gano kwanciya a ƙasa tana miƙar da baya.

"Wane likita?"

"Na rediyo."

"Ni ce mai rediyon," in ji Kaka, "ban ji ba."

Makarantar tana tsakanin babban kwata da layin masu walda. Yara ɗari tara, azuzuwa shida, allo kuma ya yi sulɓi har alli ba ya kama shi sai an jiƙa. Ni ma can na yi har aji biyar, kafin na gane cewa ta taga an fi ganin duniya. Na tura gadon har sito, muka shimfiɗa masa farin zani, Baffa ya ja baya yana kallonsa kamar an haifa masa ɗa. Sai ya miƙo min wata takardar ta jerin kayan makaranta, ya ce in shigar da shi kafin ya dawo daga aji uku, inda ake dambe.

Takardar fotokwafin fotokwafi ce, duk kanun da ke samanta sun dushe. Na ga gurbi biyu a jere. A na farko na rubuta gado. Na biyun na juya takardar sama da ƙasa ban gane me yake nema ba, ni kuma ba na son barin wuri fanko, sai na sake rubuta gado. Baffa ya dawo ya fizge biro, ya ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada, daga yau shi zai riƙa cikewa. Ya kulle ɗakin, ya ba ni makulli ɗaya, ya ce in fara gadi na gwaji, albashi sai an ci jarrabawa.

Litinin ta zo, Sufeto, shugaban masu dubawar, bai zo ba. Aka ce motarsu ta lalace.

"Sai Alhamis, Inna," in ji Baffa. "Ai kin ga ba laifina ba ne. In mun dawo da shi mu sake kaiwa, fentin zai goge."

Kaka ta juya ta dubi sandarta. Ta riga ta samo dabara: ta matsa jikin bango, ta dogara sandarta a kusurwa, ta yi ta hawa sandar nan hannu bayan hannu kamar mai hawa igiya, har ta miƙe. Yana cin minti goma da salati uku, amma tana miƙewa.

Alhamis aka yi ruwa. Sati na biyu aka ce Sufeto ya tafi taron ƙara wa juna sani. A satin ne Baffa ya ji labarin cewa wata makaranta ta samu maki ɗaya saboda tana da sandar nuna taswira. Da yamma sai ga shi ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, sandar nan ai ba kya zuwa ko'ina da ita yanzu."

"Da ita nake tashi."

"To ai ga mu. Me ya sa kika haife mu? Ki kira kawai, a ɗaga ki. Yara ɗari tara ne za su ga inda teku yake saboda ke. Lada kan lada."

Sanda ta tafi. Ni na kai ta, ina wasa da ita a hanya kamar ɗan sanda mai ba da hannu.

Kira kuwa, Kaka ta yi. In ta kira Baffa, yana makaranta. In ta kira ni, ina gadin ɗakin da aka kulle, ko kuma, in faɗi gaskiya, ina layin masu walda ana musun ƙwallo. In ta kira Anti, sai ta ce, "Ina zuwa, Inna, bari in ƙarasa wannan hannun rigar." Rigunan Anti kuwa hannu bibbiyu gare su, wani lokaci har da aljihu.

Sai Kaka ta koma ga labulen ƙofarta. Mai kauri ne, sandar da ke riƙe da shi ta ƙarfe ce. Ta ja jiki zuwa bakin ƙofa, ta naɗe shi a hannu, ta ja kanta sama. Kwana huɗu tana haka. A na biyar Baffa ya gano layi na ashirin da uku: ko mara lafiya yana da sirri a ɗakin jinya?

"Iska ma za ta fi shigo miki," in ji shi yana kan kujera yana zare labulen. "Ɗakin nan duhu ya yi masa yawa. Hasken rana magani ne."

"Na rediyo ne ya faɗa?"

"A'a, wannan a littafin aji huɗu yake."

Bayan labule sai gwangwanin magungunanta, wanda Baffa ya zana wa jan kuros a murfi ya zama akwatin taimakon gaggawa. Ya ce akwati fanko ba ya cin maki, don haka magungunan ma su bi shi, in lokacin sha ya yi ni zan riƙa kawo mata ƙwaya ɗaya-ɗaya. Na kawo ranar farko. Rana ta biyu na kawo da la'asar maimakon safe. Ta uku na ba ta farar ƙwaya a madadin mai ruwan ɗorawa, ta wuni tana barci da baki buɗe. Rediyo ne kaɗai ya tsira, shi ma don da ta ga Baffa yana kallonsa sai ta zauna a kai, muka riƙa jin labaran duniya suna fitowa daga ƙarƙashinta a dushe.

A sati na huɗu na shiga ɗakin da hantsi na tarar da kofin shayinta a cike, ya huce, tururuwa sun kewaye shi. Kofin ruwanta kuma a kife yake. Leɓenta ya bushe ya tsage.

"Kaka, ba ki sha ba?"

"Na daina."

"Don me?"

"Duk abin da ya shiga sai ya nemi fita. Mai ɗaga ni kuma yana yawo."

Na yi dariya, don yadda ta faɗa abin dariya ne. Ita ba ta yi ba. A kusurwa na ga zaninta na jiya a jiƙe, ta wanke shi a zaune da ruwan da ya kamata ta sha, ta ɓoye bayan akwati don kada Anti ta gani. Na fita na samu Baffa na faɗa masa. Ya dafa kafaɗata ya ce tsofaffi dama ba su cika jin ƙishirwa ba, kuma an tabbatar masa wannan karon sati mai zuwa ne. Anti ta ce ita fa ba ta taɓa ƙin ɗaga Inna ba, sai dai Inna ba ta iya zaɓen lokacin kira ba. Ni kuma na ce wa kaina, da zarar albashi ya fara shigowa zan saya mata katifa mai tudu.

A makaranta kuwa gadon yana hutawa abinsa. Kullum da safe in buɗe, in kaɗe ƙura, in ja zanin ya miƙe, in kulle. Wata rana zazzaɓi ya kama wata yarinya 'yar aji biyu, malamarsu ta kawo ta bakin ɗakin jinya. Baffa ya taho da gudu.

"Kada a ɓata zanin nan kafin Sufeto ya gani!"

Aka kwantar da ita a siminti, a baranda, kanta yana jingine da ƙofar ɗakin jinya, har uwarta ta zo ta goya ta.

Ranar Laraba ta sati na biyar, da safe, Kaka ta kira ni da wata murya da ban san tana da sauranta ba.

"Sha-yawo, ɗauko baron."

"Me kuma za a ɗauka? Ai ba abin da ya rage."

"Ni na rage. Yadda ka kai shi, haka za ka kai ni. Zan je in gai da gadona."

Na so in yi gardama, amma na dubi leɓenta na fasa. Na shimfiɗa tabarma a cikin baro, na ɗora ta, ta rungume rediyonta. Anti tana kan hannun riga, ba ta ma ɗago ba. Da muka biyo ta layin masu walda, wani ya ɗage gilashin fuskarsa ya yi ihu: "Sha-yawo, ka koma sayar da tsohon ƙarfe? Nawa kilo?"

"Wannan ƙarfen ya fi ƙarfin aljihunka, ɗan nema," in ji Kaka. "Tura, kai kuma, kana tafiya kamar wanda aka aika karɓo duka."

Ana cikin aji muka shiga, ba wanda ya gan mu. Na buɗe ɗakin. Kaka ta dubi labulenta, ta dubi gwangwaninta mai jan kuros, ta ce, "Ashe duk kuna nan." Na ɗora ta a gadon. Ta zuro ƙafafu ƙasa, ta kama sandar kai, ta miƙe tsaye. Ta zauna. Ta sake miƙewa. Sau uku tana yi, ba don komai ba sai don ta iya. Sannan ta ce in kawo ruwa, ta shanye kofi biyu a jere, ta kwanta, ta ja farin zanin har kanta saboda ƙudaje. Kafin in ce minti goma kawai za mu yi, ta yi barci.

A daidai lokacin Sufeto ya iso.

Sati biyar Baffa yana sa ido a kan farar mota, sai ga mutumin a bayan babur, siriri, da mura, da fayil a hammata. Tare da shi akwai wani gajere riƙe da gwangwanin baƙin fenti da ɗan buroshi. Baffa ya fito yana cusa riga a wando, yana "ranka ya daɗe" tun daga nesa.

"Wannan mai fenti ne," in ji Sufeto, ya fyace hanci. "Na gaji. Akwai wata ƙwallon taswirar duniya da na gani a makarantu huɗu, duk inda na je ta riga ni isa. A ta huɗun har gaisawa muka yi. Yanzu duk abin da na gani, a sa masa lamba, ya zama na hukuma. Wanda kuma na kama da kayan aro, sifiri ne, da takardar tuhuma."

Baffa ya saci kallon ƙofar ɗakin jinya.

Aka fara da aji huɗu. Sati biyar ana koya wa yaran cewa duk abin da baƙo ya tambaya su ce lafiya lau, komai akwai. Sufeto ya tsaya gaban yara ɗari da ashirin, rabinsu a ƙasa, ya ce, "Yara, kuna da littattafai?"

"Lafiya lau, komai akwai!"

"Madalla. Bakwai a tara da biyar?"

"Lafiya lau, komai akwai!"

Ya rubuta wani abu. Ya ɗauki sandar Kaka ya nuna wani wuri a taswira, ya ce nan ina ne? Suka ce komai akwai. Mai fenti ya karɓi sandar ya zana mata lamba. Aka duba bayi, Sufeto ya gode wa Allah da ya ba shi mura. Daga nan suka nufo ɗakin jinya, ni ina tsaye a ƙofar kamar an dasa ni.

"Baffa," na ce a hankali, "akwai... akwai mara lafiya a ciki."

Na zata zai faɗi. Sai fuskarsa ta washe. "Kai, Allah ya yi maka albarka," ya raɗa min. "Ashe kana da kai." Ya juya ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, ka ma zo a kan gaɓa, yanzu haka akwai ɗaliba a kwance."

Kaka ƙarama ce, a ƙarƙashin zani ba ta fi 'yar aji uku ba. Sufeto ya dubi tudun, ya gyaɗa kai, ya rage murya. Mai fenti ya tsuguna ya zana wa ƙafar gadon lamba, ya zana wa gwangwani, ya ɗaga gefen labule shi ma ya zana masa. Sufeto ya karɓi jerin kaya yana bi da biro.

"Sanda, hanyar samu, saye. Labule, saye. Akwatin magani, saye." Ya koma layin farko, inda rubutun kaza yake, ya tsaya. Ya kawo takardar kusa da ido. "Gado. Hanyar samu... gado?"

Sai a lokacin na gane abin da gurbi na biyu yake tambaya. Baffa ya leƙa takardar, ya dube ni, na dubi silin.

"Ikon Allah," in ji Sufeto. Muryarsa ta canza. "Shekara ashirin ina wannan aiki, na ga saye, na ga kyauta, na ga sata ma. Ban taɓa ganin wanda ya mutu ya bar wa makarantar gwamnati gado ba. Hedimasta, wane bawan Allah ne wannan?"

Kalma ɗaya ce gaskiyar, aro, kuma farashinta sifiri. Baffa ya dubi Sufeto. Ya dubi gwangwanin fenti. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe."

"Allahu akbar. Yaushe ta rasu?"

"Ba a daɗe ba. Sati biyar ke nan."

"Ta sha jinya?"

"Ƙafa ce. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

Baffa har da share ido. Sufeto ya soke fayil a hammata, ya ɗaga hannuwa, mai fenti ma ya ajiye buroshi ya ɗaga nasa. "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya yalwata makwancinta."

"Amin," in ji Baffa. "Amin, amin."

"Amin," in ji farin zani. "Amma ku rage murya, mamaciyar tana barci."

Mai fenti ne ya fara kai wa ƙofa, ya bi ta kan gwangwaninsa, ya bar sawun baƙin fenti tun daga baranda har bakin kwata. Fayil ɗin Sufeto ya watse. Baffa bai motsa ba. Kaka ta yaye zanin a hankali, ta zuro ƙafafu, ta kama sandar kai, ta miƙe tsaye a gabansu da rediyonta a hannu.

"Sannu da zuwa, ɗan nan," ta ce wa Sufeto, wanda ya manne da bango. "Na gode da addu'a. Makwancin dai ka yi gaskiya, yana buƙatar yalwa, sati biyar ina tabarma. Wannan labulena ne. Wancan gwangwanina ne, farar ƙwayar ta barci ce, kada ku ba yara. Sandata kuma an ce tana aji huɗu tana karatu."

"Inna," in ji Baffa, "bari in yi miki bayani..."

"Wa ke magana? Ban san matattu suna jin masu rai ba."

Sufeto ya tattara takardunsa, ya zauna a kan baro don ba kujera, ya daɗe yana kallon layi na goma sha bakwai. Ya ce akwai matsala. Ya riga ya ba da makin, da biro, ba fensir ba. Lamba kuma ta riga ta hau. In ya rubuta cewa mai gadon tana raye, gadon ya zama aro, shi kuma sai ya yi wa ofis bayanin yadda aka yi ya sa wa kayan aro lambar hukuma har guda huɗu. Cire lamba kuwa sai an rubuta wa hedikwata, wata shida in an yi sa'a.

"Ki yi haƙuri, Iya," in ji shi. "A takarda dai, kin rasu. Gadon na hukuma ne, ba ya fita daga nan."

"To." Kaka ta koma ta zauna, ta naɗe hannun rigarta, ta miƙa masa damtsenta. "Kira gajeren nan ya sa min tawa lambar. Inda gadon yake, nan nake."

Aka samo mai fenti a bayan masu walda, ya dawo yana leƙe. Ya ce shi lambobinsa na ƙarfe ne da katako da yadi, ba a ba shi na mutane ba. Sufeto ya ci gaba da kallon takardarsa, sai biron ya sauka layi na goma sha takwas, wanda Baffa ya bari fanko tun farko: ko ɗakin jinya yana da mai kula da shi?

"Iya, kin iya kula da yara?"

"Ni na raini wannan," ta nuna Baffa da baki. "Amma kada ka yi min hukunci da shi."

Sufeto ya rubuta: akwai, wata dattijuwa. Na ce, ranka ya daɗe, ai a layin sama ta rasu. Ya ce in kwantar da hankalina, a ofishinsu ba mai karanta layi biyu a jere.

Makaranta ta ci hamsin da ɗaya. Maki biyun da suka tsallakar da ita na Kaka ne. Baffa bai tafi ƙarshen layin mota ba, har takardar yabo aka aiko masa, wadda ta ambaci karamcin marigayiya mahaifiyarsa. Ya rasa inda zai rataye ta. Anti ta ce dama ɗakin Inna ya fi haske, ta mayar da keken ɗinkinta ciki, na ɗan lokaci, aro.

Ba wanda ya zagi Kaka a gidanmu, ba wanda ya ɗaga mata murya. Komai da durƙuso aka ɗauka, da Inna barka da hutawa. Kowannenmu yana da dalili mai kyau, kuma kowane dalili ya fi gwiwar tsohuwa nauyi. Baffa ne ya ce amin da baki, amma tun ranar da muka sauke ta a tabarma muka fara raba kayanta kamar an dawo daga binne ta, ni kuma ni na yi dakon kayan, sau huɗu, ina fito.

Aikin gadi na samu. Ba ƙyaure har yanzu, don haka abin da nake gadi shi ne ɗakin jinya, a bakin ƙofarsa nake shimfiɗa tabarmar nan tata. Wata uku ke nan, bayana bai miƙe ba tukuna. Ƙofar ɗakin ba a ƙara kulle ta ba. Yaron da zazzaɓi ya kama, a ƙafar gadon yake kwanciya, Kaka tana shafa masa kai, rediyo na surutu. Tana shan shayi kofi uku a rana, don mugunta.

Kullum da safe Baffa yana zuwa ya durƙusa har ƙasa a bakin ƙofa. "Inna, don Allah ki dawo gida. Mutane suna magana. Zan saya miki sabon gado, mai madubi ma in kina so."

Ba ta taɓa amsa masa ba. Sai dai ta juya ga yaran da ke leƙe ta taga.

"Ku gai da Hedimasta a hankali," take cewa. "Maraya ne."